Gyaɗar Hamma Sali da 'Yan Bencin Baya

Shekara bakwai ke nan da muka rasa Hamma Sali, yayana, malamin ekonomi, wato tattalin arziki, a wata lise, makarantar sakandare ke nan, a nan Garwa. Duk shekara in wannan wata ya kama, nakan ce da ma yana nan ya ga kaza, ya ga kaza. Bana ne karo na farko da na ji bakina ya ce gara da bai gani ba. Na yi istigfari bayan na faɗa, amma har yau ban janye maganar ba. Shanun da ya bar wa matarsa, Adda Hawwa, sun tafi kaf, kuma hanyar da suka bi suka tafi ita ce ta hana ni sukuni.

Duk wanda ya zauna a ajinsa ya san wasan gyaɗa. Ni ce mai soya masa gyaɗar, cikin yashin kogin Binuwai, kuma bai taɓa karɓa ba tare da ya ce gishiri ya yi yawa ba. Hamma Sali ba ya son allo. Yakan ce an koya wa yaro ekonomi da Faransancin littafi, ya ci jarrabawa, ya fito bakin makaranta mai shayi ya cuce shi. Saboda haka ajinsa kullum kamar kasuwar Pitowa yake: yau ana gwanjon alli, gobe an kasa aji gida biyu, masu auduga da masu saye, ana ta ciniki har shugaban makaranta ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi.

Wasan gyaɗa shi ne babban darasinsa, sau ɗaya yake yin sa a shekara. Zai ba kowane ɗalibi tafin gyaɗa guda, sannan ya tsaya a gaba ya ce duk wanda ya ba shi nasa, zai mayar masa da ninki biyu. 'Yan bencin gaba su miƙa. Sai ya jira na biyu su miƙa, ya ɗebi nasu ya biya na gaba. Da aji ya ga na gaba suna tauna suna murmushi, sai kowa ya taso yana tura nasa. Kafin a kai bencin baya babu sauran wanda za a ɗebi nasa a biya su. A nan Hamma zai zuba abin da ya rage a aljihun rigarsa, ya fice, ya je ƙarƙashin darbejiya yana ci a hankali, ajin kuwa ya kaure da kururuwa. In ya dawo, tambaya ɗaya yake yi: wa ya ga na shuka, ko na saya, ko na sayar? Sannan ya sa 'yan gaba su dubi fuskokin 'yan baya, ya ce ribarku ga ta can zaune, tana kallonku.

Shi kansa bai yarda da kuɗin da ba ya ganin ƙafarsa ba. Duk lokacin da aka biya shi ladan duba takardun jarrabawa, sai ya nufi kasuwar shanu ta Adumri ya sayi karsana da sunan Adda Hawwa, ya damƙa wa wani makiyayi amininsa. Muna yi masa tsiya cewa malamin zamani ya koma Bafulatanin daji. Ya ce mu yi dariyarmu, bankinsa dai yana haihuwa a gaban idonsa. Da ya rasu, waɗannan shanu su suka riƙe gidan. In rufi ya yoye a sayar da maraƙi, in ciwon sukarinta ya tashi a sayar da wani. Ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Bara wani kamfani ya sauka a garin nan. Shago aka kama aka shafa sabon fenti, aka sa samari masu kwat, sauran harkar duk a waya ake yi. Ka tura kuɗi, wai ana juya su a ƙasashen waje, wata na zagayowa su ninka, in ka kawo mutum a ƙara maka. Ranar da na fara jin labarin dariya na yi. Na ce waɗannan sun yi ɓatan kai, sun kawo hajarsu garin da rabin ma'aikatansa suka ci gyaɗar Hamma Sali. Na ɗauka kafin wata biyu za su naɗe tabarmarsu. Sai da suka kusa shekara, sannan wata safiya aka tarar da shagon a garƙame, wayoyinsu a kashe.

Abin da na ji bayan nan ne ya fi tsaya mini a rai. Na je sayen magani wurin Usmanu, tsohon ɗalibin Hamma, wanda na san ya shiga tun da wuri ya fita da mota. Na tambaye shi ko ya manta abin da malaminsa ya koya masa. Ko kunya bai ji ba.

"Goggo, ai tun ranar farko muka gane wasan gyaɗa ne," in ji shi. "Mu dai cewa muka yi bari mu kama bencin gaba."

Na ɗauki ledar maganina na fito. Ashe ba jahilci ya ci garin ba. Masu tallar ƙosai da tsofaffin da ba su san komai ba, su aka ci. Waɗanda suka kawo su kuwa, da yawansu sun san lissafin sarai, sun san inda zai tsaya, sun auna lokacin shiga da na fita. Hamma ya ba su fitila don su ga ramin, suka haska suka ga ta inda za su tsallake, suka bar na bayansu a duhu. Na sha tambayar kaina me zai ce da yana raye. Ina jin ba zai ce komai ba. Mutum ne da in abu ya yi masa zafi yakan cire tabarau ya yi ta gogewa da bakin riga.

Nasiru, ɗansa na fari, yana cikin na gaba. Wannan yaro a tsakar gida ya yi wasan gyaɗa tun kafin ya iya ɗaura wando. Ya samu, ya sayi moto, wato babur, ya sake sawa, aka ce sai ya kawo sababbin mutane kafin a sakar masa nasa. Da mutane suka fara ƙaranci sai ya zo wurin uwarsa. Ita ba ta taɓa shiga ajin mijinta ba, abin da ta sani shi ne ɗan malamin ekonomi ba zai ɓata a harkar kuɗi ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Makiyayin ya zo har gida ya roƙe ta ta bar ko da shanun tatsa. Ta ce Nasiru ya ce kafin damina za a sayo ninkinsu. Ba a rufa mako uku da sayarwa ba aka rufe shagon. Nasiru ya tsere can garin Kuseri, yana dako a bakin gada, don mutanen da ya kawo suna nemansa.

A makon jiya muka yi wa Hamma addu'ar shekara. Tsofaffin ɗalibansa sun zo kamar yadda suka saba, suka zauna tabarma ɗaya, wanda ya ci da wanda aka ci nasa, ba mai duban idon wani. Aka yi ta yabon marigayi, cewa darasinsa ba ya mantuwa. Gaskiya suka faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni tsoro. Abin da ya rage na Hamma Sali ke nan: ilimi cikakke, babu ko ɗigo da ya zube. Na san akwai waɗanda suka ƙi shiga saboda shi, wata malama ma ta ce mini har yanzu tana yin wasan a ajinta, Allah Ya kai ladan kabarinsa. Sai dai abin da ya fi so su ɗauka, wato duban fuskar na baya, shi ne ba ya koyuwa da tafin gyaɗa.

Da mutane suka watse, Adda Hawwa ta kira ni ɗaki. Ta ce in buga wa Nasiru, don ba ya ɗaga kiranta. "Ki ce masa ya dawo gida," ta ce. "Shanu sun tafi, ba na so ɗan ma ya bi su. Amma ki tambayar mini shi abu ɗaya. Ranar da ya zauna nan yana yi mini bayani, ya san abin zai rushe?"

Na fita zaure na kira shi. Na isar da saƙon dawowa, sannan na yi tambayar kamar yadda ta faɗa. Ina jin ƙarar manyan motoci a bayansa.

"Na sani, Goggo," ya ce. "Amma wallahi na ɗauka akwai sauran mutane a bayanta."

Har yau tana tambayata me ya ce, ni kuma ina ce mata layin Kuseri ba shi da kyau.