Shahanara Apa, Mai Fara Koyarwa Daga Ƙarshe

Ni ba mai sammako ba ne, don haka yawancin abin da na sani game da safiyar Shahanara Khatun ta taga na gan shi, da kofin shayi a hannuna. Kafin in gama hamma ta sauka daga keken haya a bakin layinmu a Rajshahi ta ƙasar Bangladesh, ta tattare gefen sarinta, dogon zanen matanmu, saboda taɓo, ta shige gidan farko. Haka take bi gida-gida har la'asar, duk inda ke da yaro mai larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Gidana na cikinsu. Apa muke ce mata, wato Yaya, har waɗanda a haife sun haife ta.

Aikin binciken wata jami'a ne ya ɗauke ta, da tallafin wata gidauniya ta ƙasar waje. Ba maganin larurar suke nema ba. Tambayarsu ƙarama ce: ta yaya uwa za ta koya wa irin yaran nan cin abinci da wanka da sa tufafi a cikin ɗakinta?

'Yata Tumpa ba ta magana, ga shi ta fara zama budurwa. Abin da ke cin ran uwarta ke nan. "Baban Tumpa, in na mutu wa zai sa mata riga? Kai? Kai da ko maɓallin taka sai ka saɓa?" Ban musa ba.

Shahanara daga ƙarshe take farawa. Uwa ta sa wa yarinya wuyan riga, ta sa hannuwa, ta bar mata jan rigar ƙasa kawai. In ta iya wannan, ko da bayan watanni ne, sai a koma baya taki ɗaya. Na ce mata, "Apa, wannan ai kamar a fara biki da wankin tukwane ne." Ta ce, "Ɗan'uwa, da kai ma da wankin tukwane aka fara maka, da yanzu kana da amfani a gidan nan." Matata ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Maƙwabta sun ga ranar da jikan Jobeda Khala, tsohuwar layinmu, ya gantsara wa Shahanara cizo. Ta zauna a ƙasa kusa da shi har ya huce, sannan ta nemi tsumma ta ɗaure hannun.

Da lokacin sabunta tallafi ya yi, gidauniyar ta aiko baƙi su duba aiki. Shahanara ta roƙe mu: "Don Allah ku bar yaran yadda suke, ku faɗi abin da ya rage." Muka ce to. Amma a garin nan ba a tarbar baƙo da kuka. Aka soya kifi, aka sayo kayan zaƙi, aka rataya musu furanni. Khala ta tura jikanta ƙauye tun jajibere. Duk wanda aka tambaya sai ya ce alhamdulillahi, yaro ya warke sarai, albarkacin Apa. A ganinmu yabonta muke yi. Ni aka sa tafinta saboda na taɓa koyar da Turanci, kuma inda na ji maganar ta yi lami na ƙara gishiri. Shahanara na tsaye a bakin ƙofa, ba ta taɓa abincin ba.

Da suka tafi Khala ta ce, "Mun fitar da ke kunya, ko 'yar nan?"

"Kun fitar, Khala," in ji ta, ta kama tattara faranti.

Daga baya gidauniyar ta taya mu murnar nasara, ta ce ta karkata kuɗinta zuwa bincike a ɗakin gwaji. Ba na cewa kifinmu ne ya jawo, wataƙila sun yanke tun kafin su hau jirgi. Amma bai taimaka ba.

Ke ce, Apa, kika shiga ɗakunan da dangi suka daina leƙawa. Ke ce kika kira 'ya'yanmu da sunayensu lokacin da unguwa ke ce musu mahaukata. Mai haƙurin da ba ya jiran tafi, mun gode, Allah ya saka miki da abin da ya fi soyayyen kifi. Masu hali da ke karanta wannan, ku ɗauki nauyin irin aikinta. Ba shi da kyau a hoto, amma shi ne ke isa cikin gida. Matasa kuma ku je ku koya a wurinta tun tana kusa.

Ƙarshen watan nan za ta koma garinsu Bogura, tsaron kantin maganin ƙaninta. Tumpa ta iya ƙarasa sa riga da kanta. Farawa ce ba a kai ga koya mata ba.