Lambobi Uku da Aka Rubuta a Inuwa

Ku da kuka bi ta ɗakin gwaje-gwaje na Sashen Fiziks a zamanin Malam Haladu, ba sai na tuna muku ba: kafin ya karanta littafin awonka, sai ya sansana shi. Wallahi sansanawa! Ya buɗe, ya kai hanci, ya ɗaga shafin wajen taga, ya ƙanƙance ido ɗaya, sannan ya dube ka kamar an kama ka da akuyar wani. Ku kuna ce masa Baba Ban-Yarda-Ba. Ni Kawu nake ce masa, don yayan mahaifiyata ne, kuma duk mai zaton zumuncin ya sama mini sauƙi bai san mutumin ba. Tun da ya rasu wata magana take cina a rai game da rijiyar burtsatsen ƙauyenmu, wadda kuka yi ta yaba mini a kanta. Yau zan fitar da ita in huta. Amma bari in fara da abin da kuka sani.

Shi ba lakcara ba ne, mai kula da kayan aiki ne, tun sashen yana ɗaki biyu da sikeli ɗaya. Rabin furofesoshinmu a hannunsa suka koyi riƙe agogon awo. Kun tuna gwajin farko, wanda ake rataye ɗan ƙarfe da zare ana lilo da shi don a gano ƙarfin jan ƙasa? Kowa ya san amsar littafi 9.81 ce. To, wani ɗan ajinmu, Bashari, ya kawo ta cif.

"Iye! Cif-cif?" in ji Kawu.

"Cif, Baba."

"Da zaren ɗinki, da agogon da ya girmi babanka, fanka na kaɗawa a kanka? Masha Allahu, yau mun samu waliyyi a sashe. Je ka sake."

Na bayansa ya samu sha ɗaya da ɗoriya, ya miƙa littafi. Kawu ya sansana ya ce, "Yauwa. Wannan bai iya komai ba, amma bai yi mini ƙarya ba. Zauna in koya maka."

Ba ɗalibai kaɗai ba fa. Wani babban furofesa ya zo daga wata jami'a duba jarrabawa, ya zagaya ɗakin, zai fita sai Kawu ya tare ƙofa ya ce a zazzage aljihun babbar riga. Shugaban sashe kamar ya nutse don kunya.

"Malam, ka san ko ni wane ne?" in ji furofesan.

"Na sani sarai, ranka ya daɗe, ai shi ya sa. Ɗalibi bai san abin da ke da daraja a ɗakin nan ba. Kai ka sani."

Da ya yi ritaya ya dawo gida Daura, sai muka ce to, duniya za ta sarara. Ina! Asibiti ya koma wa. In ma'aikaciya ta auna masa hawan jini, sai ya miƙa ɗaya hannun. Ta auna, ya sake miƙa na farkon. Wata ta gaji ta ce, "Haba Baba, ga layi fa." Ya ce, "'Yata, awo sau ɗaya ai ra'ayinki ne kawai." Har suka riƙa tura wa juna shi in sun hango hularsa.

To, ga maganar tawa. Na zama malami a sashen, bincikena kan neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ƙauyen kakanninmu yana gaba da garin Babban Mutum, kuma sau biyu ana haƙa musu burtsatse ana tarar da dutse. Mata sai sun yi tafiya mai nisa da jarka. Bara dattawa suka ce ai ga ɗansu masani, shi zai nuna wuri. In aka yi rami na uku babu ruwa, ba mai sake yarda a kawo injin haƙa garin, kuma mahaifiyata ba ta ƙara shiga biki da kai a sama.

Yadda aikin yake: ka kafa ƙarafa a ƙasa, ka ja waya, ka tura wuta, ka karanta lamba. Duk yadda ka ƙara nesanta ƙarafan, haka kake ƙara jin abin da ke can ƙasa. Saura awo uku, mafiya zurfi, sai wayar ta isa gonar dawar wani dattijo, Mati. Ya fito da fartanya a kafaɗa.

"Waya a gonata? Zinariya kuke nema. Ko gwamnati ce ta turo ku ku auna ta?"

Na yi rantsuwa, na yi magiya, ya ce ko taku ɗaya. Na duba lambobin da na samu, suna tafiya sumul, na ce a raina ai sauran ukun ma a bayyane suke. Na zauna a zauren kakanmu na cike su da ka. Ni, malamin jami'a! Na sa alama, aka shirya za a haƙa bayan girbi.

Neman yabo ne ya kai ni Daura da littafin, ba komai ba. Kawu ya sansana, ya juya shafi, ya juya, sai ya tsaya.

"Ɗan Hajara."

"Na'am, Kawu."

"Waɗannan ukun a inuwa aka rubuta su."

"Haba Kawu, wace irin inuwa kuma?"

"Dubi na sama. Ga ɗigon gumi, ga yashi, rubutun ya karkace don a gwiwa ka ɗora littafin. Waɗannan kuwa sun miƙe tsaf kamar za a ɗauke su hoto. Shafin ma ƙanshin miyar kuka yake."

Shugaban sashenmu na yanzu ɗalibinsa ne, waya ɗaya ta isa ta gama da ni. Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya rufe littafin ya ce, "Samo mota. Jibi."

Tsoho mai hawan jini, ƙafa a kumbure, haka ya shiga mota har ƙauye. Mati ya sake fitowa da fartanyarsa.

"Wa ya aiko ku?"

"Kai wa ya ce gonarka ce?" in ji Kawu.

Suka tsaya suna auna juna da ido, na ce shi ke nan, yau sai an raba.

"Ni ban yarda da na'urar nan ba," in ji Mati.

"Alhamdu lillahi! Na tsufa tare da irinta, ko rana ɗaya ban yarda da ita ba. Yaron ma ban yarda da shi ba, kuma ɗan ƙanwata ne. Zo mu zauna mu sa musu ido."

Jama'a, sai ga su a tabarma ɗaya, lema ɗaya, suna raba goro, kowa yana duba ɓarin da aka ba shi. Ni ina cikin dawa ina jan waya, rana na dukana. Mati bai iya boko ba, amma shi ya riƙe littafin tsakanin awo da awo, wai kada in ƙara wani abu.

Lambobin gaskiya suka fito, ba su ko yi kama da nawa ba. Wurin da na sa alama dutse ne shimfiɗe a ƙasa. Na zauna a kan kunyar dawa. Kwana biyu muka ƙara muna bin fili, har muka dace a bakin gonar Matin. Ya ba da wurin, bisa sharaɗin in zinariya ta fito tasa ce.

Bayan girbi aka haƙa, ruwa ya yi tsiri, mata suka rangaɗa guɗa, aka yi ta sa mini albarka. Aka ciko kofi aka kai wa Kawu. Ya kurɓa, ya ce, "Yanzu ai damina ba ta daɗe da wucewa ba. Sai bazara ta zo ta tafi yana nan, sannan mu yi magana."

Bai kai bazarar ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, mutumin da ya zazzage aljihun furofesa a gaban jama'a bai faɗa wa kowa abin da na yi ba. Ko mahaifiyata ba ta sani ba sai ta ji wannan. In aka yabe ni a gabansa sai ya ce, "Shi ya auna, ina zaune." Kuma bai yi ƙarya ba.

Kawu, bazara ta zo ta tafi, ruwa bai ɗauke ba. Ya Allah, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, ka yafe masa kurakuransa, ka shayar da shi daga Alkausara. Amin.