Ranar da Na Wanke Notin Jirgi

A shekarar da aka canja hannun tuƙi, kafin kuɗi su koma naira, kafin kuma farin nan da ya ƙarar da shanun mutane, a shekarar ce na kusa kashe wa Babana sana'a da hannuna. Da kaka ne, an gama yankan gero ana ta ɗaurin dami. Ban fi shekara tara ba, don ko tallar fura ba a fara barina in kai bakin kasuwa ni kaɗai ba.

Babana shi kaɗai ne bakanike a ƙauyenmu, can gefen Miga. Garejinsa gindin tsamiyar ƙofar gidanmu ce, inda muke carafke da 'yar gala-gala, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da mai. Motocin da ke zuwa ba su cika yatsun hannu ba, kuma wadda ke ciyar da mu ita ce akori-kurar Alhaji Sambo mai fataucin shanu. Inda Alhaji ya kai motarsa, nan kowa ke kai tasa.

To, motar nan tana da ciwo guda. Notin da ke riƙe salansa, wato bututun hayaƙi, a jikin inji, kullum zafi da tsatsa sai sun cinye su. Rannan sai ga Alhaji daga Kano da noti shida ƙunshe a tsumma, launin toka, ba nauyi kamar ba ƙarfe ba. Ya ce wani mai aikin jirgin sama ne ya ba shi, ba sa tsatsa har abada, amma an gargaɗe shi kada a kuskura a ɗaura su a bushe. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shafe da baƙin giris, ya zuba a wani kwanon shan Innata, ya tura ƙarƙashin rumbu. Da safe ya tafi gona ɗauko dami.

Ni kuwa wanke-wanke ne aikina, kuma Inna ba ta da wasa a kai. Kullum maganarta, "Idan ban ga fuskata a gindin kwano ba, ki koma ki sake." Ina tattara kwanuka sai na ci karo da wannan, duk ya ɓaci. Na ce yau zan burge. Na sa toka, na sa yashi da soso, na dirje kwanon, na dirje notin, har da tsinken tsintsiya na bi haƙoransu ina sakace baƙin nan. Na shanya su a rana suna walƙiya, na mayar, na rufe da faifai, na zauna jiran yabo.

Baba bai dawo da wuri ba. Direban Alhaji, Malam Ɗanlami, mutum ne mai gaggawa, ga shi suna son cin kasuwar Garki. Ya aika aka miƙo masa kwanon, ya hau ɗauri da sauri-sauri. Biyar suka shiga da ƙyar. Na shida ya kai rabi ya cije, ba gaba ba baya. Ina bayan tsamiya na ji wata ƙara siririya, irin ta haƙori idan ya tauna tsakuwa a tuwo.

Ana haka Baba ya iso, Alhaji ma ya iso, mutane suka kewaye mota. Baba ya taɓa notin ya ji zafi. Ya tambayi direba ko ya goge su, shi kuma ya rantse yadda ya same su haka ya ɗaura. Gaskiya ya faɗa, bawan Allah. Alhaji ya gyara tsayuwa ya dubi Baba ya ce, "Malam, in abin nan ya karye a ciki, sai an kai injin Kano. Kuma wallahi motata ta bar gindin tsamiyar nan ke nan."

Shi Baba a saninsa da giris a jiki, don haka ya ɗauka tauri ne kawai. Ya ce a ba shi dogon bututun ƙarfe, ya zura a hannun sifana don ƙarin ƙarfi. Na ga ya dafa ƙafa a taya, jijiyoyin wuyansa sun tashi. In na yi magana, ga bulala a gaban jama'a. In na yi shiru, ga abincin gidanmu a bakin sifana. Ban san lokacin da na ratsa ƙafafun manya ba.

"Baba, tsaya! Ni na wanke su. Da toka da yashi."

Ya daɗe yana kallona, hannunsa na kan bututun. Sannan ya zare shi a hankali ya ajiye. Ya ce kowa ya matsa, ba mai taɓa motar sai ƙarfen ya huce. Alhaji na faɗa, kasuwa na wucewa, Baba ko a jikinsa. Bayan azahar ya sa na samo gashin kaza, yana tsomawa a baƙin mai yana ɗigawa a kan notin, ya juya shi baya kamar faɗin ƙwayar gero, ya dawo, ya sake ɗigawa. Ni ke riƙe da gwangwanin man. Sai da aka kira la'asar notin ya fito, haƙoransa a tattaune, ƙarfe ya manne wa ƙarfe, amma bai karye ba. Sauran biyar ma ya kwance su, ya shafe, ya mayar da yatsa kafin sifana. Gurbin na shida ya sa tsohon noti na baƙin ƙarfe.

Bai dake ni ba. Ya danƙa mini lalataccen a tafin hannu ya ce, "Wannan ƙarfen ba ya son tsabta irin ta Innarki." Motar Alhaji kuwa ba ta bar tsamiyarmu ba har ta tsufa.

Yanzu jikana na da gareji a Yalwawa. Kwanaki yake mini bayani wai akwai wani noti, taitaniyom, samari masu son ƙawata inji na sayowa ta waya, suna ɗaurawa da injin ɗauri, ya cije musu. Na kwance bakin zanena na ajiye masa nawa a gabansa, na ce tun ba a haifi ubanka ba na san halin ƙarfen nan.

An sare tsamiyar, an yi shaguna a wurin. Baba da Inna da Alhaji duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Cikin waɗanda suka tsaya a gindin motar nan, saura Malam Ɗanlami, yana Garki idonsa ya tafi, sai ni da na wanke notin.