Yayana da Turancin Yabon Kai

Lokacin da wani kamfanin jigilar kaya a Adabraka ya ce yana neman direba, yayana ya riga ya gaji da tuƙa tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya. Bayansa na ciwo, muryarsa ta dishe wajen cacar baki da fasinjojin Nima. Ya ƙwallafa rai a aikin nan. Ni ce na yi boko a gidanmu, sai aka ɗora mini shirya shi don intabiyu.

Muka zauna a tsakar gida, na bayyana masa cewa Turancin neman aiki yana da nasa gini. Mutum ya fara da "having worked", wato bayan ya yi aiki a wuri kaza, sannan ya jero "who" da "which" kamar carbi, kowanne na ɗauke da wani abin kirki da ya yi. Direban da bai taɓa yin haɗari ba. Motar da ya riƙe har ta tsufa da lafiyarta.

Hadda ba ta ba shi wuya, ya kwashe tsaf. Amma da zarar magana ta zo kansa sai ya cije.

"Chale, ƙanwa na, wannan ai cika baki ne. In ce ban taɓa accident ba? Gobe in bugi akuya a Maamobi fa? Baki bai da kyau."

"Yaya, manajoji ne za su yi maka tambaya, ba mayu ba."

"Manaja bai da baki?"

Kamar in yi kuka don haushi. A Zango ba a yabon kai. Ka tambayi mai gidajen haya yaya aiki, sai ya marairaice ya ce ana dai lallaɓawa. Abin da aka sani shi ne babba ya raka ka, ya yi bayaninka kana kallon ƙasa. Don haka ranar intabiyu yayana ya tafi da tsohon direban da ya koya masa tuƙi, wanda kowa ke kira Masa, wato maigida. Ba a bar Masa ya shiga ba, sai ya zauna a benci a waje.

Yayana ya dawo yana washe baki. Ya ce Turancina ya yi aiki, ko tuntuɓe bai yi ba. Na ce ya maimaita mini abin da ya faɗa.

"Having worked under my master, who taught me everything, who never had accident, who never chop company money..."

Haka ya yi ta jerowa, kowace jimla daidai, kowane yabo a kan Masa. Ya ce manajojin suna gyaɗa kai suna rubutawa. Can ɗayansu ya tambaya ko mutumin nan yana raye.

"Na ce yana nan waje kan benci."

Litinin ɗin da ta biyo baya, Masa ya fara aiki a kamfanin. Ya zo har gida da goro ya yi godiya, ya sa mini albarka, ya ce ilimina ya yi rana. Na karɓi goron da hannu biyu, don ni ma 'yar Zango ce.

Yayana ya koma tirotiro da ciwon bayansa. Kullum da safe shi yake ɗaukar Masa zuwa Adabraka, a kujerar gaba, kuma ya hana yaron mota karɓar kuɗinsa, saboda ba a karɓar kuɗin maigida.