Yatsun Jariri da Ƙullutun Hafsatu

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ɗana Malam Habibu. Ya tafi a shekarar da soja suka koma bariki, ana ta guɗar farar hula a Yakasai, ni ina zaman makoki. Ban yi boko ba, kuma ban ji kunyar hakan ba. Ni ke faɗa, 'yarsa Hafsatu ke rubutawa.

A jami'a yake bincike da fararen ɓeraye, har mata suka riƙa ce mini uwar mai kiwon ɓera. Wata rana a gidan suna ya ɗaga hannun jaririn ya ce, "Inna, a ciki yatsun nan a haɗe suke kamar ƙafar agwagwa. Sai umarni ya zo wa ƙwayoyin naman da ke tsakani su mutu, yatsu su rabu." Ya ce kowace ƙwaya a jikinmu tana da mai gadi. In ta lalace, sai mai gadin ya sa wani murhu da ke cikinta ya ɓule, ya tayar da wasu almakasai su yayyanka ta daga ciki, maƙwabta su share wurin. Ciwon daji kuwa ƙwaya ce da aka ce ta sauka ta ƙi.

Na ce, "Ashe har a jiki akwai masu ƙin barin kujera?" Ya yi dariya har da tari.

Da zai leƙo yau, me zai ce? An yi zaɓe an sake, ɗakin bincikensa kuwa an ce gizo-gizo ya gaje shi. Wannan da sauƙi. Hafsatu ce ta ji ƙullutu a nono, likita ya ce ciwon daji ne, a cire tun yana ƙarami. Baffanta Alhaji Sabo ya kafe, wai ba a taɓa daji da ƙarfe, sai ya fantsama. Sai jiƙo, sai hayaƙi. Na ce, "Sabo, ni na goya ka. Jiƙo ne zai ba ƙwayar da ta kurmance umarni?" Ya ce tsufa ne ke damuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi wannan ya bushe a hannuna.

Habibu bai bar gida ba, bai bar mota ba. Maganar yatsu ya bar mini, na kuwa riƙe. Ranar Litinin zan yafa mayafina, in kama hannun 'yarsa mu tafi asibiti. Mai hanawa ya same ni a zaure.