Kiɗan Da Ba A Yi Wa Tafi

Tun Nasara na mulki, shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, mazan gidanmu na Matamaye duk sun tafi ci-rani Kano, daga mata sai mu yara. Bayan tuwo, kakata Inna Dije takan zuba ɓawon gyaɗa a wuta, mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, amma ɗaya ce take sa ta gyara zama kafin ta ce ga ta nan.

Wai wasu ƴan'uwa uku ne, mai goge, mai sarewa da mai ƙwarya, uwarsu ta rasu, suka shiga ɗaki suka yi mata kiɗa. Mai goge ya sassauta tsirkiya har sautin ya faɗa tsakanin murya da murya, ba sama ba, ba ƙasa ba. Babu mai jan gaba, kowa sai numfashinsa ya ba shi yake shigowa. Mutanen gari suka ce gogen ya lalace. Ba a sake kiran su biki ba, suka tsufa suna kaɗa wa junansu.

Nan Inna takan rera waƙar, mu kuwa mu zuba amshi gaba ɗaya, har da tafi. Sai ta kama hannuna.

"Haba mijina, har da kai? Ina ka taɓa ganin an fara kuka tare, an tsaya tare? Jira sai ya zo maka."

Ni da na saba da mushe, malaminmu na lakwal, yana buga mana tebur muna waƙa a jere, na ce tsufa ne ya karkata mata murya. Na miƙe waƙar tsaf, yara suka bi tawa. Inna ta yi ƴar dariya, ba ta ƙara rera ta ba.

Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini cewa mai gogen nan yayan Inna ne, kuma duk duniya bakinta kaɗai kiɗan ya rage.

Da na manyanta na je garin Kance wajen wani tsohon mai goge, na rera masa abin da na riƙe, ko zai dawo mini da shi. Nan take ya ɗauka a miƙe tsaf, bai ko sassauta tsirkiya ba. A lokacin na gane cewa tawa na adana, tata kuwa ni na kashe ta da hannuna, kuma baƙin cikin nan bai sake ni ba har yau. Kiɗan ya yi daɗi ƙwarai, har mata suka fito daga cikin gida suka kama rawa.