Addar Manu a Dutsen Jabiru

Ni mahauci ne, shekara tara Jabiru na wasa mini wuƙa, don haka kada wani ya gaya mini halinsa. Facin taya yake yi a Bodinga, bakin hanyar Shagari. Zuciya gare shi kamar kuturu, amma Allah Ya ba shi basira. Ya ciro silinda biyu daga ƙofar wata matacciyar bas, irin mai buɗewa da iska, ya haɗa su da tankin da yake cika taya. Su dai turi da ja kaɗai suka iya. Sai ya ɗaura su a sandar ƙarfe mai gwiwa biyu, ɗaya na ƙare turi ɗayar na tsakiyar nata, dutsen wasa wuƙa ya yi ta juyawa ba tsayawa. Mun yi masa dariya, wallahi, har sai da muka ga tartsatsi.

Famfon iskar kuwa kwata kawai yake buɗewa. Ya ce in ya wuce haka, dutsen fashewa zai yi.

Daminar bara ɓarayin shanu suka sassare wansa Manu a wurin kiwo, suka kore garken. Jabiru ne ya wanke gawar. Ko hawaye bai yi ba, abin ya ba ni tsoro.

Wata ranar kasuwa da hantsi, mutum biyu suka sauka daga babur a wurin Jabiru da adduna cikin buhu, a wasa musu. Ina tsaye. Jabiru ya zaro ta uku, sai hannunsa ya tsaya. An naɗe ƙotarta da jar roba, shi da kansa ya naɗa wa Manu.

"Ina kas samo wagga adda?"

"Washi za ka yi ko tambaya?" in ji dogon cikinsu.

"To riƙe da kanka, ka fi ni sanin kaifin da kake so." Jabiru ya dube ni. "Husaini, tafi ga namanka."

Ja da baya kawai na yi. Dogon na kafa addar a dutsen, Jabiru ya murɗe famfon har ƙarshe. Silinda biyun suka haukace, tebur na tsalle, dutsen na kuka. Sai fau! Innalillahi! Rabin dutsen ya ɗauke muƙamuƙin dogon, ya faɗi yana shure-shure. Ɗayan ya ruga, aka yi ihun ɓarawo, 'yan kasuwa suka rufe shi da sanduna.

Jabiru na zaune cikin jini, tsakuwar dutsen ta cinye idanunsa duka biyu. Na tallabe shi ina kuka.

"Husaini, ya mutu?"

"Ya mutu."

"Kai ka gani?"

"Na gani."

Ya damƙe rigata. "To ba ni labari. Kada ka tsallake komai."